Injin yankan ciyawa na hawa a fili mai gangare: auna tudun kafin ka ciro kuɗi

Tambaya: Assalamu alaikum. Muna da fili kusan hekta ɗaya da rabi a bayan garin Ngaundere, an dasa mangwaro da fiya jefi-jefi, sauran duk ciyawa ce. Filin gangare ne, akwai ramuka da tsofaffin suri. Duk damina kuɗin masu sara da adda ya ishe ni. Ina so in sayi injin yankan ciyawa irin wanda ake hawa a tuƙa, ban taɓa mallakarsa ba. Wane iri ya dace, kuma doki nawa zan nema?

Wa alaikumus salam, Alhaji. Allah ya sa albarka a gonar. Maganar doki nawa, wato ƙarfin inji, za mu zo kanta, amma ita ce ta kusa da ƙarshe. A fili irin naka ba ƙarancin ƙarfin inji ke kashe waɗannan motoci ba. Abin da ke kashe su giya ce da ta yi zafi ta mutu, da taya da ta kasa riƙe ƙasa, da kaskon wuƙaƙe da ya daki dutse. Abin da ke kashe mai tuƙi kuwa kifewa ne. Saboda haka aikin farko a filin za a yi shi, ba a shago ba.

Ka samo katako miƙaƙƙe mai tsawon mita 2, da ma'aunin magina mai ɗigon ruwa, da tef na awo. Je wurin da ya fi tsayuwa a filin. Ɗora kan katakon ɗaya a ƙasa ta wajen tudu, ɗaga ɗaya kan ta wajen gangare har ɗigon ruwan ya tsaya a tsakiya, sannan ka auna daga bakin katakon zuwa ƙasa. Idan ka sami santimita 35, gangaren digiri 10 ne. Idan 54 ne, digiri 15 ke nan. Idan ya kai 73, kana kan digiri 20. Ka maimaita a wurare biyar ko shida, ka rubuta, domin ido yana ruɗi ƙwarai a wannan sha'ani: wurin da mutum ke hawa da ƙafa ba tare da haki ba sau da yawa ya wuce abin da inji zai iya.

Lambar da za ka riƙe ita ce 15. Yawancin kamfanonin da ke ƙera waɗannan injuna sun rubuta a littafinsu cewa kada a hau gangaren da ya wuce digiri 15, wasu ma 10 suka ce. Kuma wannan iyaka ta busasshiyar ƙasa ce mai santsin fuska. A taka ƙasar, inda tayar gefen tudu za ta iya hawa guntun suri a daidai lokacin da ta gefen gangare ta faɗa ramin gafiya, digiri 12 na iya zama 22 cikin ƙiftawar ido. Don haka duk ɓangaren da awonsa ya haura santimita 50, ka cire shi daga lissafi. Wannan wurin na injin rataye a kafaɗa ne, ko na turawa da hannu, ko na masu adda kamar yadda aka saba. Ba asara ba ce in injin hawa ya yi maka kashi uku cikin huɗu na filin.

Abu na biyu, irin ciyawar. Wannan ne wurin da mutanenmu suka fi yin kuskure, don hoton da ke jikin kwali na gajeriyar ciyawa ce da ake aske wa kai kowane mako. A Adamawan Kamaru ruwa yana sauka tun daga Afrilu har Oktoba, kusan milimita 1,500 a shekara, kuma gamba da tofa da kyasuwa ba sa jira. Injin gida na yau da kullum an yi shi ne ya cire sulusin tsawon ciyawa a kowane zagaye, wato idan kana so ta tsaya a santimita 9, sai ka yanke ta kafin ta wuce 13 ko 14. A Agusta wannan yana nufin fita kowane kwana bakwai zuwa goma. Idan ka san za ka iya riƙe wannan, injin gida mai ƙarfi ya ishe ka. Idan kuwa niyyarka a bar ta ta kai ƙugu a share sau uku a damina, to wani iri kake nema daban, mai saran daji da ake hawa, irin Etesia Attila na Faransa, ko Grillo Climber na Italiya, ko AS-Motor Sherpa na Jamus. Waɗannan a ƙasa-ƙasa suke zaune, wuƙarsu mai kauri ce, an yi su ne don doguwar ciyawa da gangare. Tsadarsu ta ninka ta injin gida, amma wanda ya cusa injin gida cikin gamba mai tsayin mita ɗaya zai cinye bel da boris fiye da yadda yake cinye fetur.

Mu ɗauka za ka riƙa yanka a kai a kai. Injunan iri uku ne.

Akwai wanda ba shi da sitiyari, da sanduna biyu ake tuƙa shi, yana juyawa a inda yake tsaye. Yana da sauri kuma yana zagaya bishiya da kyau, mai sayarwa zai nuna maka wannan a kan siminti har ya burge ka. Kada ka saya. Tayoyinsa na gaba irin na keken asibiti ne, ba sa juya shi, ba sa riƙe shi. Tuƙi da birki duka a tayoyin baya suke. In ya fuskanci gangare nauyi ya koma gaba, tayoyin baya suka yi sakayau, tuƙi da birki sun tafi tare. Ga ɗan koyo a kan tudu wannan ba abin gwadawa ba ne. Akwai kuma ɗan ƙarami mai inji a baya ƙarƙashin kujera, shi ma ka wuce shi, ya yi wa filinka kaɗan kuma gabansa ba nauyi, yakan ɗaga kai a hawa.

Wanda ya dace da kai shi ne mai siffar ƙaramar tarakta, inji a gaba, sitiyari a hannu. Sai dai a cikinsu akwai masu nauyi da marasa nauyi, kuma daga nesa kamarsu ɗaya, fenti ɗaya, wani lokaci ma lambar doki ɗaya. Bambancin yana ƙarƙashin kujera, a giya.

Yawancinsu yanzu giyar mai gare su, wadda ake taka feda ta tafi, a sassauta ta rage gudu, babu canza lamba. Wannan ita ta fi kyau a gangare, domin kana ɗaga ƙafa take riƙe motar. Amma mai ne ke ɗaukar nauyin aikin a cikinta, kuma hawan tudu yana dafa wannan mai. Kamfanin Tuff Torq ne ke yi wa kamfanoni da yawa wannan giya, kuma lambarta tana manne a jikinta. K46 ita ce ƙarama da ake sa wa masu araha. A shimfiɗaɗɗen fili tana shekaru lafiya. A kan tudu, da babban mutum a kujera, da zafin rana, mai yana tsinkewa, ƙarafan famfonta su ci juna. Alamar mutuwarta sananniya ce: da safe motar ta hau tudu garau, bayan minti ashirin ko talatin ta fara kuka tana ja da ƙyar, in ta huce ta dawo daidai. Kuma da yawa daga cikinsu ba su da ƙusar zubar da mai, sai an sauke giyar gaba ɗaya kafin a canza shi. Kai K66 ko wadda ta fi ta za ka nema, K58 ita ce mafi ƙanƙantar da zan yarda da ita a fili irin wannan. Idan takardar lambar ta goge, ga hanyar ganewa da ido: duba tayar baya. Idan an ɗaure ta da kusoshi huɗu ko biyar kamar ta mota, kuma tsayinta inci 22 zuwa 24 ne, mai nauyi ce. Idan an zura ta ne a siririn sanda an tare da zobe, tsayinta inci 18 ko 20, mara nauyi ce, komai abin da aka rubuta a murfin inji.

Mai giyar hannu ma yana aiki, kuma bakanikenmu sun fi saninsa. Sharaɗinsa ka zaɓi lamba ɗaya ko biyu tun kana ƙasa, kada ka taka kuloci ko ka canza giya a tsakiyar gangare.

Sai makullin tayoyin baya, kuma a nan nake so ka fi kashe kuɗinka. A motar da ba ta da shi, ƙarfin inji yana bin tayar da ta fi sauƙin juyawa. A ƙasa mai kwari da tudu kullum akwai tayar da ta ɗan ɗagu, sai ka ga ita kaɗai ke wulwulawa tana tone ƙasa, wadda ke da riƙo tana tsaye. Abin da mutane da yawa ba su sani ba, birkin waɗannan motoci a cikin giya yake, ba a kan kowace taya ba. Ma'ana in taya ɗaya ta rasa riƙo a gangara, kana iya danne birki har ƙasa motar ta ci gaba da sulalewa. Makullin yana haɗe tayoyin biyu su juya tare. John Deere jerin X500 suna da shi a feda, Husqvarna TS 354XD ma yana da shi. Ana kama shi ne in ana tafiya miƙe, a sake shi kafin kwana, in ba haka ba motar za ta ƙi juyawa ta yaga ciyawa. Mai jan taya huɗu, irin Kubota GR2120 mai shan dizal ko Husqvarna masu lanƙwasawa a tsakiya, ya fi wannan riƙo, musamman a saukowa. Amma ka sani jan taya huɗu yana hana zamewa ne, ba ya hana kifewa. Iyakar digiri 15 tana nan inda take.

Tayar da suke zuwa da ita mai ƙananan zane ce don kada ta ɓata ciyawar ado. A jar ƙasarmu in ta jiƙe santsi take kamar sabulu. Ka sa a canza na baya zuwa masu manyan haƙora irin na tarakta. Iska kuma kada mai faci ya dura mata ta mota: a ma'aunin iska na bar, yawanci bar 0.7 ne a baya, kusan bar 1 a gaba, an rubuta a jikin tayar. In ta yi tauri tsalle za ta riƙa yi a maimakon riƙe ƙasa, in kuma ɗaya ta fi ɗaya iska kaskon zai karkace, yankan ya fito gefe ɗaya dogo. Ƙaya da tsidau suna huda su, don haka a sa tiyub tun ranar farko. Ka leƙa aksul ɗin gaba ma. Na zubin ƙarfe mai lilo a tsakiya shi ke barin tayoyin gaba su bi ƙasa, na lanƙwasasshen falange kuwa yakan tsage a ramuka.

Yanzu kasko, wato murfin ƙarfen da wuƙaƙe ke juyawa a ƙarƙashinsa. Kowa yana son mai faɗi don a gama da wuri, kuma a fili mara daidaito wannan kuskure ne. Faffaɗan kasko ba ya lanƙwasa. In motar ta hau ƙaramin tudu tsakiyarsa ya aske ƙasa ƙwal, in ta shiga kwari gefensa ya caki ƙasa. Santimita 107 zuwa 122 ya dace da kai, kada ka je 137. Da mai 107, a tafiyar kilomita 5 a awa, in aka haɗa da kwana da zagaye bishiyoyi, hekta ɗaya da rabi aikin awa huɗu ne ko kusa da haka. Mai 137 zai rage maka awa ɗaya ne kawai, ya bar maka tabon ƙasa tsirara wanda ruwan sama zai mayar zaizaya. Ka tabbata akwai ƙananan tayoyi a kusurwoyin kaskon, huɗu sun fi biyu, su ke ɗaga shi in ya zo taɓa ƙasa. Sannan kasko iri biyu ne, wanda aka buga daga falange ɗaya mai kaurin milimita 2 da ɗoriya, da wanda aka yanka ƙarfe mai kaurin milimita 3 zuwa sama aka haɗa da walda. Na biyun ya fi jure marmara, kuma in ya tsage kowane mai walda a gari zai ɗinke shi.

Kafin injin ya taka filin, a bi shi da ƙafa a rani lokacin da ƙasa ke bayyane. A kwashe duwatsu, a fasa suri a baje, a cike ramuka, a tone kututture ko a kafa masa doguwar sanda mai tsumma. Wuƙar tana gudu ne da saurin da in ta daki dutse, ko dai sandar da ke riƙe ta ta lanƙwashe, ko gidan boris ya fashe, ko dutsen ya fita kamar harsashi. Bayan irin wannan duka, in ka ji motar tana karkarwa, kashe ta nan take ka duba, kada ka ce bari in ƙarasa layin nan. Tsayin yanka kuma ka bar shi a santimita 8 zuwa 10, ba ƙasa da haka ba.

To, ga dokin da ka tambaya. Da kasko 107 zuwa 122, doki 18 zuwa 24 ya wadatar. Ngaundere tana sama da teku da kimanin mita 1,100, kuma injin fetur yana rasa wajen kashi 3 cikin ɗari na ƙarfinsa a kowane mita 300, wato kusan kashi ɗaya cikin goma ya tafi tun kafin ka tayar da shi. Don haka ka kusanci 22 ya fi ka tsaya a 18. Amma abin da ya fi lambar muhimmanci shi ne yadda baƙin mai ke zagayawa. Ƙananan injuna masu silinda ɗaya da yawa fantsama mai suke yi da wani ɗan cokali a ciki. In motar ta daɗe a karkace, man ya taru gefe guda, cokalin ya riƙa ɗibar iska, ƙarfe ya ci ƙarfe. Nemi mai famfon mai, alamarsa filtar mai zagayayya da ake murɗawa a gefen inji, kuma gara mai silinda biyu, na Kawasaki ko Briggs & Stratton ko Kohler ko Honda. Baƙin mai a canza shi bayan awa 5 zuwa 8 na farko in sabo ne, daga nan kowace awa 50, kuma a duba sandar awo duk ranar da za a fita. Filtar iska a kakkaɓe ta akai-akai, musamman da hunturu ya shigo da ƙura. Idan fetur ɗin zuwa-zuwa na bakin hanya za ka sha, a tace shi da kyalle mai tsabta, a bar shi ya kwanta, domin ruwa da dattin da ke cikinsa kafireta suke toshewa. In damina ta wuce za a ajiye motar wata biyar, a zuƙe tankin, a bar inji ya ci sauran har ya mutu da kansa, a cire kan batir.

Maganar kayan gyara kada ka ɗauke ta da wasa. Wannan ba babur ba ne da za ka sami kayansa a kowace kwana. Ko daga Duwala za a ɗoro maka shi a jirgin ƙasa, ko ta Garwa zai shigo daga Najeriya, ka sa a haɗo da bel na kasko biyu, bel na tafiya ɗaya, wuƙaƙe saiti biyu, sandar wuƙa da gidanta guda ɗaya, filtar mai da ta iska da ta fetur bibbiyu, da filogi. Ka ɗauki hoton lambar motar da ke ƙarƙashin kujera da lambar inji, da su ake yin oda. Bel ɗin kasko ba fanbel ɗin mota ba ne, an yi shi ya jure lanƙwasa ta baya da zafi, na mota in an sa ba ya daɗewa. Mai sayarwar da ya kasa nuna maka bel da wuƙar motar a kan kantarsa, ka ɗauka ba zai samo maka su a Agusta ba.

In na hannu za ka saya, kada ka yarda da tayarwa a ji ƙara. A bar shi ya yi aiki rabin awa har giyar ta ɗau zafi, sannan ka hau tudu da shi, ka tsaya a tsakiya, ka sake tashi. In ya yi nishi, ko giya ce ko bel, kuma ka ɗauka giya ce har sai an tabbatar maka da akasin haka. Cire wayar filogi, ka kama bakin kowace wuƙa ka girgiza sama da ƙasa, in tana motsi boris ya tafi. Leƙa ƙarƙashin kasko ka ga tsatsa. Sannan ka ɗan ɗaga jikinka daga kujera wuƙaƙe na juyawa: dole inji ya mutu. Idan bai mutu ba an haɗe wayar, a gyara ta kafin ka biya, kuma kada ka bari wani yaron gida ya sake haɗe ta don tana katse masa aiki a kan gargada.

Tuƙin kansa yana da ƙa'ida. Da injin hawa sama da ƙasa ake bi, a hau miƙe a sauko miƙe, ba a ratsa gangare a kaikaice, saɓanin na turawa da hannu wanda shi a kaikaice ake bi da shi. Kwana a yi ta a kan tudu ko a ƙasa inda ya daidaita, a hankali. In taya ta fara wulwulawa a hawa, kashe wuƙaƙe ka dawo da baya sannu a miƙe, kada ka nemi juyawa a wurin. Kada a fita da raɓa ko bayan ruwa, a jira hantsi ciyawa ta bushe. Bakin kwazazzabo da rijiya da magudanar ruwa a bar musu aƙalla faɗin motar sau biyu, don gaɓar da ruwa ya ci ta ƙasa ba ta nuna alama kafin ta rufta. Akwai wani ɗan ƙarfe a baya da ake ja in za a tura motar da hannu, shi ke sakin giya, kada a taɓa shi sai a shimfiɗaɗɗen wuri. Buhun tara ciyawa da ake rataya a baya ka bar shi a shago, in ya cika da ɗanyar ciyawa yana ɗaga gaban motar a hawa. Idan motar tana da ƙarfen kariya a bayan kujera a ɗaga shi a ɗaura bel na kujera, idan ba ta da shi kada a ɗaura komai. Yara kuma ba a goya su a kai ko da wuƙaƙe a kashe suke, domin yaron da aka taɓa ɗauka shi ne zai biyo motar a guje ta baya ranar da mai tuƙi bai gan shi ba.

Duk ranar da aka gama aiki, bayan inji ya huce, a share ciyawar da ta taru a kan kasko, da kewayen salansa, da kan fankar da ke saman giya. Wannan fankar ita kaɗai ke sanyaya giyar, in ciyawa ta lulluɓe haƙarƙarinta ko K66 ce za ta dahu. Yankan ƙarshe na Nuwamba kuwa, lokacin da ciyawa ta bushe, a yi shi da sassafe bayan raɓa ta ɗauke, da jarkar ruwa a kusa, don busasshen tofa a jikin salansa mai zafi ya isa ya tayar da wutar da za ta kai ga mangwaron.